Tambayoyi da Amsoshi: Idan Kanel Ya Rikice Wajen Amsa Kiran Na'ura

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna zama da wasu matasa masu rubuta manhaja a nan Kano. Wasunsu ɗalibai ne a Jami'ar Bayero, wasu kuma masu gyaran waya ne a Farm Centre da suka gaji da canza sikirin suna son sanin abin da ke can ciki. Da zarar hira ta kai kan kanel, wato ƙwaryar babbar manhajar da ke juya kwamfuta, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa. Na tattara su a nan yadda aka yi mini su. Yawancin misalan na Linux ne, saboda shi ne kowa zai iya buɗewa ya karanta.

Malam, shi wannan intarof ɗin mene ne?

Katse hanzari ne. Ka dubi mai shayi a bakin titi yana cikin soya ƙwai, wani ya ce "Malam, a ƙaro suga." Ba zai ce a jira sai ya gama suyar duniya ba. Zai sauke kaskon gefe, ya miƙa suga, ya dawo daidai inda ya tsaya. Haka furosesa take, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarni. Tana cikin aiki sai madannai ko katin intanet ko agogon cikin kwamfuta ya ɗaga sigina, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta tsallaka zuwa wani ɗan guntun kod da aka tanada domin wannan kira, ta gama, ta koma. A nan gaba zan riƙa cewa "kira" kawai, shi kuma guntun kod ɗin "mai amsa kira".

Mutum uku ne a cikin maganar, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai sha wahala. Akwai na'urar da ta yi kira. Akwai ɗan tsakiya mai tattara kiraye-kiraye ya miƙa wa furosesa: a tsofaffin kwamfutoci Intel 8259 ne, a na yanzu APIC, a wayoyi da allunan ARM kuma GIC. Sai kanel. Kusan duk wata tangarɗa da za ka gani, ɗaya daga cikin ukun nan ne yake jiran amsar da ba a ba shi ba, ko aka ba shi a lokacin da bai dace ba.

Me ya sa kowa yake tsoron irin wannan matsala?

Saboda kira ba ya neman izini. Yana iya faɗowa tsakanin kowane umarni biyu na furosesa, har a tsakiyar layin kod guda ɗaya da kake gani kamar dunƙule yake. Kod ɗin zai yi aiki lafiya sau miliyan, rana ɗaya kiran ya faɗo a ɗan tsakanin da bai kamata ba, komai ya wargaje. Kuma idan kanel ya faɗi, babu wanda ke ƙarƙashinsa da zai tare shi.

To daga ina zan fara?

Daga ƙirga. Ina roƙonka kada ka taɓa kod tukuna. Buɗe /proc/interrupts. Za ka ga kowane layin kira, da adadin da ya shigo a kan kowace ƙwayar furosesa (furosesa ɗaya takan ƙunshi ƙwayoyi da yawa masu aiki tare), da sunan direban da ke riƙe da shi, wato kod ɗin da ke sarrafa na'urar. Ka duba, ka motsa na'urar, ka sake dubawa.

Abu uku ne zai faru. Ko lambar ba ta motsa ba, ko tana gudu kamar mitar wuta an jona hita, ko kuma tana ƙaruwa daidai misali amma duk da haka na'urar ba ta aiki. Kowanne da unguwarsa. Na farko, kiran bai iso ba, don haka ɓata lokaci ne karanta kod ɗin mai amsa kira. Na biyu, ana amsawa amma ba a sallami na'urar ba. Na uku, kiran lafiya yake, matsalar tana cikin abin da kake yi bayan ya iso. Na ga wanda ya kwana uku yana juya mai amsa kira, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa kiransa ba. Da ya fara da ƙirga, minti biyu ya ishe shi.

Bayan wannan ka karanta dmesg, wato jerin saƙonnin kanel, tun daga farko, ba layukan ƙarshe kaɗai ba. Sau da yawa kanel ya riga ya yi ƙorafi tun lokacin tashi, ba wanda ya saurare shi.

Lambar tana sifili. Me ya hana kiran isowa?

Bi hanyar daga na'ura zuwa furosesa, ƙofa bayan ƙofa. Shin an kunna kira a rajistar na'urar kanta, wato ɗan gurbin da ake rubuta mata umarni ana karanta halinta? Yawancinsu a kashe suke zuwa. Shin ƙafar cip ɗin da aka jona wa wayar na'urar an saita ta a matsayin ƙafar kira, ko tana can tana wani aikin? Shin ɗan tsakiya bai toshe layin ba?

Sai maganar lamba, wadda ta fi kama mutane a allunan ARM. A wajen GIC, lambobi 0 zuwa 15 na kiran da ƙwayoyin furosesa ke yi wa juna ne, 16 zuwa 31 na kowace ƙwaya ita kaɗai, na'urorin waje kuma daga 32 suke farawa. Amma a fayil ɗin bayanin allo da Linux ke karantawa, ana ƙirga na'urorin waje daga sifili. Idan kundin kamfani ya ce na'urarka tana kan 65, kai 33 za ka rubuta. Wasu kundayen kuma sun riga sun cire 32 ɗin, ka sake cirewa ka faɗa wani wuri. Ka kuma sani lambar da ke farkon layi a /proc/interrupts ta Linux ce, shi ya raɗa ta, ba lallai ta yi daidai da ta ƙarfe ba.

Ana ta maganar kira iri biyu. Mene ne bambancinsu, kuma ina ruwana?

Ruwanka ne sosai, a nan rabin rigimar take.

Iri na farko kamar sallama ne a ƙofar gida. Baƙo ya yi sallama sau ɗaya ya yi shiru. Idan an ji, an ji. Idan ba a ji ba, zai yi ta tsayuwa a zaure yana zaton ana zuwa. Wannan shi ne kiran da ake ganewa daga canjin sigina, lokacin da ta tashi ko ta sauka. Ina ce masa kiran ƙyaftawa.

Iri na biyu kamar ɗan adaidaita sahu ne a cunkoson Ƙofar Nasarawa da ya danne hon ya ƙi saki sai ka matsa. Siginar tana nan a ɗage har sai an je wa na'urar an share dalilin kiran. Wannan kiran dannewa ne.

Cutar kowanne daban. Kiran dannewa idan ba ka share shi a na'urar ba, kana fita daga mai amsa kira furosesa za ta sake ganinsa, ta sake shiga, ta sake fita, har abada. Ambaliya ke nan, kwamfuta ta yi nauyi ko ta sandare. Kiran ƙyaftawa kuwa ɓacewa yake yi. Ga yadda abin ke faruwa: kira ya zo, ka karanta rajistar na'ura ka ga saƙo ɗaya, ka fara aiki a kansa. Kana cikin haka saƙo na biyu ya iso. Ka gama na farko, ka share rajistar gaba ɗaya, ka fita. Ka share alamar saƙo na biyu ba tare da ka gan shi ba. Ko kuma ka share na farkon kaɗai, amma da yake siginar ba ta taɓa sauka ba saboda na biyun, babu sabuwar ƙyaftawa da za ta zo. Na'ura tana jiranka, kai kana jiranta, an yi cirko-cirko.

Maganin shi ne tsari. Ka karanta rajista, ka share abin da ka karanta shi kaɗai, sannan ka yi aikin, sannan ka sake karantawa. Kada ka fita sai rajistar ta nuna babu saura. Amma ka sa wa zagayen iyaka, don idan na'urar ta lalace ko an zare ta, karatun yakan dawo da ɗaya-ɗaya zalla, ka maƙale a ciki.

Wani ƙaramin tarko a na'urorin PCI, irin katunan da ake sokawa a allon kwamfuta: rubutun da ka aika wa rajista ba ya isa nan take, yana iya tsayawa a hanya. Ka ce ka share, ka fita, saƙon bai kai ba, kiran ya sake tashi, ka duba ka ga babu komai. Shi ya sa za ka ga tsofaffin direbobi suna karanta rajista nan da nan bayan sun rubuta. Karatun ne yake tura rubutun ya isa. Wani yaro ya taɓa goge irin wannan layi wai ba shi da amfani. Yana da shi.

Na ga saƙon "nobody cared", sai kuma kanel ya kashe layin. Wa ya yi laifi?

Ka san gidan haya mai ƙofa ɗaya? Yaro ya shigo ya ce ana sallama, kowane ɗaki ya leƙo ya ce ba da ni ba ne. Haka layin da na'urori da yawa suka haɗa yake. Kira ya zo, kanel ya bi direbobin da suka yi rajista da IRQF_SHARED ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya duba na'urarsa, ya mayar da IRQ_HANDLED idan nasa ne, ko IRQ_NONE idan ba nasa ba. Linux yana lissafi: idan a cikin kira 100,000 sama da 99,900 babu wanda ya ɗauka, sai ya buga wannan saƙo ya rufe layin. Duk na'urorin da ke kan layin su mutu tare, mai laifi da marar laifi.

Mai laifin yakan zama na'urar da ke kira amma ba ta da direba, ko direban da ke cewa ba nasa ba ne alhali nasa ne, ko teburin da manhajar tashin kwamfuta ta bayar ya nuna layin da ba shi ba. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi muni a ganina: direban da ke cewa "nawa ne" a kowane kira ba tare da ya duba ba. Wannan ya makantar da kanel, ambaliya ta zo ba mai tsayar da ita.

Saƙon da kansa yana ba da shawarar a tashi kwamfuta da irqpoll. Ka gwada, don ya nuna maka ko matsalar ta layi ce. Amma kada ka bar shi a haka ka ce ka gyara. Kanel ne kawai ka sa yana zagaye ɗakuna yana tambayar kowa, wanda ya yi sallamar har yanzu ba a san shi ba.

Na'urorin zamani masu MSI sun rage wannan fitina, domin kiran nasu rubutu ne a mimori, kowa da nasa, ba haɗaka. MSI yana ba na'ura har kira 32, MSI-X har 2048. Idan kana zargin ɓangaren nan, tashi da pci=nomsi ka ga ko hali ya canza.

Yaya, ni ƙaramin kanel nake rubutawa na kaina. Madannai sun yi aiki sau ɗaya suka yi shiru.

Barka da shigowa, kowa ta nan ya bi. Ɗayan biyu ne. Ko ba ka gaya wa 8259 ka gama ba, wato ka aika 0x20 zuwa tashar 0x20, ko ba ka karanta harafin daga tashar 0x60 ba. Idan kiran daga 8259 na biyu ya fito, wato layi 8 zuwa 15, su biyun za ka sallama, na biyun a tashar 0xA0 sannan na farkon. Tun IBM PC/AT ta 1984 ake jona su biyu, na biyun ya rataya a layi 2 na na farkon.

Ni kuma ina buɗe kira sai kwamfutar ta sake tashi.

Wannan ƙanwata ce ta yi tambayar, kuma amsar tana da daɗi. Furosesar x86 tana da lambobin kira 256, kuma 0 zuwa 31 Intel ta keɓe su don kurakuran furosesa kanta: 0 raba lamba da sifili, 13 keta kariya, 14 neman shafin mimori da babu, 8 kuma kuskure a kan kuskure. To BIOS, manhajar tashin kwamfuta, yakan bar 8259 na farko a kan lambobi 8 zuwa 15. Agogo yana layi 0, don haka bugunsa na farko zai shigo miki a lamba 8, ki zaci babban kuskure ne ya auku, alhali agogo ne kawai yake gaisuwa. Idan kuma babu mai amsawa a wurin, kuskure ya hau kuskure har uku, furosesa ta sake tashi. Ki mayar da su 32 zuwa 47 kafin ki buɗe kira.

Idan kin yi wannan abin bai daina ba, duba abu uku. Wasu kurakuran, irin su 8 da 13 da 14, furosesa tana ɗora ƙarin lamba a kan sitak, wato tarin mimorin da take ajiye adireshin komawa, sai kin cire ta kafin iret, umarnin fita daga kira, in ba haka ba ki koma adireshin da ba shi ba. Na biyu, duk rajistar da mai amsa kira zai taɓa sai an ajiye ta an mayar. Na uku ya fi ɓuya: a tsarin bit 64, kwamfaila, mai juya kod zuwa umarnin furosesa, tana ɗaukar bayit 128 da ke ƙasan sitak a matsayin nata, tana ajiya a wurin ba sanarwa. A manhajar talakawa ba komai. A kanel kuwa kira yana zuwa zai taka wurin. Sai an haɗa kanel da -mno-red-zone. Alamar wannan cuta ita ce lambobi suna canzawa da kansu jefi-jefi, kamar aljanu sun shiga.

Kada ki yi wannan gwaji a kwamfutar gaske. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, za ki yi amfani da shi. Ki sa -d int ya rubuta miki kowane kira da ya shigo, ki sa -no-reboot ya rufe maimakon ya sake tashi, ki sa -s -S ki jona gdb, manhajar bin kod mataki-mataki, ta tashar 1234. Ki kuma karanta xv6, ƙaramin kanel ɗin koyarwa na jami'ar MIT a Amurka. Ɓangaren kiransa gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya.

Af, idan kin ga kira a layi 7 ba gaira ba dalili, na bogi ne, halin 8259 ne idan sigina ta janye kafin a amsa. Ki duba rajistarsa, in babu alamar kira na gaske kada ki sallame shi.

Me ake nufi da "scheduling while atomic" ko "sleeping function called from invalid context"?

Ka yi barci a bakin aiki. Mai amsa kira aron lokaci yake yi daga duk wanda ya tarar yana gudu, ba shi da zaren kansa, wato layin aiki mai zaman kansa, da za a kwantar a tashe shi daga baya. Don haka duk abin da zai iya jira haramun ne a gare shi: kama mutex (kwaɗon kullewa da ke sa mai jira barci), neman mimori da GFP_KERNEL, msleep, kwafe bayanai zuwa manhajar mai amfani, da magana da na'ura ta I2C ko SPI ta hanyar da ke jiran amsa. Na ƙarshen nan shi ne ya fi kama masu haɗa firikwensin zafi ko allon taɓawa, domin sai ka yi magana da na'urar ta I2C kafin ka san me ya sa ta yi kira.

Koma wurin mai shayi. Idan wani ya ce a dafa masa indomi, ba ya barin kowa ya tsaya a kai. Yana cewa "na ji", ya ci gaba, ya dafa idan hannunsa ya sarara. Raba aikin biyu. Rabin farko ya tabbatar kiran nasa ne, ya yi shiru da na'urar, ya fita. Rabi na biyu ya yi aikin mai nauyi. Tun Linux 2.6.30 a 2009 akwai request_threaded_irq, wanda ke ba rabi na biyu zarensa na kansa, ya yi barci yadda yake so. Idan kiran dannewa ne kuma ba za ka iya yi wa na'urar shiru a rabin farko ba, sa IRQF_ONESHOT, layin ya zauna a toshe har zaren ya gama. In ba haka ba ambaliya za ta hana zaren ma samun damar gudu.

Ni shawarata ga sabon direba: fara da zare. Sai in awo ya nuna maka jinkirin ya yi yawa sannan ka nemi wata dabara. Akalar Linux ma can ta karkata. PREEMPT_RT, tsarin sa kanel ya riƙa amsawa a kan lokaci, wanda aka shafe kusan shekara ashirin ana aikinsa a gefe, ya shiga babban kanel a 6.12 cikin Nuwamba 2024, kuma a ƙarƙashinsa yawancin masu amsa kira zare ake mayar da su.

Ka kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP a kanel ɗin gwaji. Zai kama ka ko da barcin bai kai ga faruwa ba.

Kwamfutar takan sandare ɗif, sau ɗaya a kwana biyu ko uku.

Ina zargin kwaɗo, wato kullen da ke hana ɓangarorin kod biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda. Ka ce direbanka yana da jerin saƙonni da mai amsa kira da sauran kod suke taɓawa, ka kare shi da spin_lock. Sauran kod ya kama kwaɗon. Kafin ya saki, kira ya faɗo a kan wannan ƙwayar furosesa. Mai amsa kira ya zo zai kama kwaɗon, ya tarar a kulle, ya tsaya jira. Wanda zai buɗe kuwa shi ne aka katse, ba zai motsa ba sai mai amsa kira ya gama. Ka kulle ɗaki da makullin a ciki. Duk kwaɗon da mai amsa kira ke kamawa, a sauran wurare da spin_lock_irqsave za a kama shi, wanda ke toshe kira a wannan ƙwaya har a saki.

Ba sai ka jira kwana uku ba. Akwai lockdep, da Ingo Molnar ya kawo a Linux 2.6.18 cikin 2006, ana kunna shi da CONFIG_PROVE_LOCKING. Yana lura da yadda ake kama kowane kwaɗo. Ya ga an kama shi a cikin kira sau ɗaya, an kuma kama shi a waje kira yana buɗe sau ɗaya, nan take zai yi ihu da "inconsistent lock state" ko da ba a taɓa sandarewa ba. Rahotonsa dogo ne mai ban tsoro, amma ka daure ka karanta, yana nuna wuraren biyu da sunayensu. Ban taɓa yin nadamar kunna shi ba, na sha yin nadamar rashin kunnawa.

Kanel yana da masu gadi biyu kuma. Idan ƙwaya ta yi daƙiƙa 20 ba ta ba kowa dama ba, za ka ga "soft lockup". Idan ta yi daƙiƙa 10 ko kira ba ta amsawa, "hard lockup" ke nan, kuma NMI ne ke gano shi, kiran da ba a iya toshewa. Na biyun yana nufin an maƙale kira yana rufe.

Direban yana faɗuwa lokacin lodawa, ko lokacin cirewa.

Jeri ne ya ɓaci. Daga daƙiƙar da ka kira request_irq, ana iya kiran mai amsa kiranka, tun ma aikin bai dawo ba, musamman a layin haɗaka ko idan na'urar ta kwana da kira a ɗage. Saboda haka shi ne na ƙarshe: mimori, kwaɗo, rajista duk su kammala tukuna. Wajen cirewa a juya: kashe kira a na'ura, free_irq, tsayar da duk aikin da aka jinkirta, sannan a saki mimori. Masu amfani da devm_request_irq su yi hattara, shi sai bayan aikin cirewarka ya ƙare yake sakin layin, don haka in ka saki mimori da hannunka kafin nan ka bar ƙofa a buɗe.

Ina sa printk don kanel ya buga mini saƙo sai matsalar ta ɓace. Na cire ta dawo.

To ka samu shaida: rige-rige ne, wato ɓangarorin kod biyu suna tseren isa abu ɗaya. Rubutun ya jinkirta wani ɓangare har ɗayan ya riga shi. Kada ka bar printk ɗin a matsayin magani, kada kuma ka maye gurbinsa da udelay. Ka koma ftrace, na Steven Rostedt, da ke /sys/kernel/tracing. Yana rubutu a mimori, nauyinsa kaɗan ne, ba ya cika canza lokaci. Kunna irq_handler_entry da irq_handler_exit ka ga shiga da fitar kowane kira da lokacinsa. Akwai kuma irqsoff, mai nuna maka wuri mafi tsawo da aka rufe kira da wanda ya rufe. Idan sauti yana kakkatsewa ko wayar siriyal tana zubar da haruffa, shi za ka fara tambaya.

Yaya zan san ko laifin ƙarfe ne ba kod ba?

Bari in ba ka labarin abin kunyata. Wani hunturu na haɗa allo da ke ƙirga buɗewar ƙofar shago a Sabon Gari. A ɗakina lafiya lau. A shago kuwa ƙirgar ta riƙa haura ɗari kafin azahar, ƙofar ko sau ashirin ba a buɗe ba. Na yi mako ina zargin kod, na sake rubuta mai amsa kira sau biyu. Sai yaron shagon ya ce mini, "Oga, ni fa na lura in an ɗauke wuta an tada janareta ne yake haukacewa." Ƙafar kiran na bar ta tana lilo, ban ja ta sama da rezisto ba, ga doguwar waya ta zama eriya tana kwasar hayaniyar janareta. Rezisto ɗaya da kafasita ɗaya suka kashe maganar. Su kansu maɓallan ƙarfe suna rawa idan an danna, dannawa ɗaya ta haifi kira goma, sai an tace.

Tun daga ranar, in matsala tana bin lokaci ko wuri, zafin Afrilu, ƙurar hunturu, canjin wuta, caja mai arha, nakan sa abin awo a kan ƙafar in ga siginar da idona kafin in buɗe kod. In kuma allo biyu iri ɗaya, ɗaya yana yi ɗaya ba ya yi, ka san inda za ka duba.

Sikirin ya daskare, ba saƙo ko ɗaya. Me zan karanta?

Nemi wayar siriyal mai kan USB, ka jona da wata kwamfutar, yawanci a gudun 115200. Kanel yakan iya furta kalmarsa ta ƙarshe ta nan ko da sikirin ya mutu. In babu tashar siriyal akwai netconsole, mai aika saƙon ta wayar sadarwa, da ramoops, mai ajiye shi a wani lungun mimori ya tsira bayan sake tashi. Amma ramoops ba ya tsira daga ɗaukewar wuta, ka jona da batir.

A tsohon kanel yana aiki, a sabo ya lalace.

Ka yi sa'a. Umarnin git bisect zai raba canje-canjen da ke tsakanin tsohon kanel da sabon gida biyu, ka gwada, ka ce mai kyau ko marar kyau, ya sake rabawa. Kowane sabon Linux yana ɗauke da canji sama da dubu goma, amma gwaji kamar 14 ya isa ya nuna maka guda ɗayan. Sharaɗin shi ne ka iya tayar da matsalar da gangan. In sau ɗaya take zuwa a kwana uku, ka ce "mai kyau" a inda ba kyau, duk lissafin ya rushe.

Manyan ƙwararru ma suna irin wannan kuskure?

A watan Mayu 2018 aka bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2018-8897. A x86, bayan umarnin MOV SS ko POP SS, furosesa tana jinkirta kira har umarni na gaba ya wuce. Idan na gaban shi ne mai shiga kanel, kiran binciken kuskure (debug) da aka jinkirta sai ya faɗo a matakin farko na kanel, kafin ya kimtsa. Windows da macOS da FreeBSD da Linux duk abin ya shafe su, domin kowa ya fahimci bayanin kundin Intel ta hanyar da ba ita ba.

Na gano, na gyara. Yaya zan mayar da facin, wato gyaran kod ɗin, ga masu Linux?

Faci ɗaya, gyara ɗaya. A bayanin ka faɗi abin da mai amfani ke gani, ka jera yadda rige-rigen ke faruwa mataki-mataki, ƙwaya ta farko ta yi kaza, ta biyu ta yi kaza, sannan yadda facin ya toshe shi. Ka manna saƙon kuskuren, ka faɗi allon da ka gwada a kai. Idan bisect ya nuna maka canjin da ya jawo, sa layin Fixes da haruffa 12 na farkon lambarsa. Ka sa Signed-off-by, ka bi ta scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya gaya maka wa za ka aika wa. In gyaran ya taɓa tsakiyar tsarin kira ne, sunan Thomas Gleixner za ka gani. In na direba ne, mai kula da wannan ɓangaren.

Ka shirya jin tambaya ɗaya: me ya hana wannan faruwa a ɗaya ƙwayar furosesar? In ba ka da amsa, riƙe facin, mu haɗu ranar Asabar da allon da wayar siriyal ɗinka.